Yadda Ake Zaɓar Babbar Manhaja Mai Sauƙi, a Kuma Kulle Ta, a Kwamfutocin Tallafi

Galibin kwamfutocin da ake ba makarantu da Islamiyyu da cibiyoyin koyon sana'a kyauta a Kaduna sun gama aikin ofis ne a wani wuri. Za ka ga Dell OptiPlex ko Latitude, HP EliteBook, Lenovo ThinkPad, wasu daga banki, wasu 'yan Beljiyam da wani mai hali ya saya a dunƙule. Jikinsu da ƙwari. Abin da ke kwantar da su da wuri shi ne irin babbar manhajar da aka ɗora musu, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya kamar Windows, da yadda aka bar su a buɗe ga kowa: wannan yaro ya sauke wasa, wancan ya canza kalmar sirri ya manta, filashin wani malami ya shigo da bairos. Kafin zango ya ƙare an rufe ɗakin, ƙura ta karɓi aiki.

Bayanin nan na wanda aka damƙa wa makullin ɗakin ne, ko da bai taɓa shiga ajin injiniya ba.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Nemi salatif na takarda da maka, ka ba kowace kwamfuta lamba, ka buɗe mata layi a rajista. Kunna su ɗaya bayan ɗaya ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ke zuwa kafin babbar manhaja ta tashi. A Dell ana danna F2 da zarar an kunna, a HP F10, a ThinkPad F1. Abu uku za ka kwafa: sunan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yawan RAM, inda take riƙe aikin da take yi a lokacin, da girman faifan ajiya tare da irinsa, mai juyawa ne ko SSD, wato sabon iri mai sauri da ba ya juyawa.

Firosesar Intel tana faɗin shekarunta da kanta. Idan ka ga i5-3320M, lambar farko bayan karan ita ce zubin, wato zubi na 3. Idan i5-8250U ce, zubi na 8. Riƙe wannan, za a buƙace shi a gaba.

Duba kwanan watan da BIOS ke nunawa. Idan ya koma shekarun baya duk lokacin da aka cire wuta, ƙaramin batirin da ke kan allon ciki ya mutu. A kwamfutar tebur CR2032 ne, mai faɗi kamar kwabo, kuma masu gyaran agogo da rimot a Kasuwar Sheikh Gumi suna da shi. Kada ka raina wannan. Kwamfutar da agogonta ya ɓace, shafukan intanet da yawa za su ƙi buɗuwa a kanta, sai a ɗora wa netwok laifi.

Idan BIOS ta nemi kalmar sirri tun daga ƙofa, koma wa wanda ya ba da kyautar tun yana tuna ku: "Alhaji, a taimaka a tambayo mana mutanen ofishin lambar da suka kulle su da ita." A ThinkPad musamman, cire batiri ba ya goge irin wannan kulli.

Daga nan raba su kashi uku. Masu RAM gigabait 4 zuwa sama su ne jarin ɗakin. Masu gigabait 2 za su yi, amma a daddafe, kuma ƙara musu RAM ya fi duk wata dabara. Sai na uku, tsofaffin da firosesarsu 32-bit ce kawai, irin su Pentium M da Atom N270. A cikin ire-iren Linux, babbar manhajar nan ta kyauta, Ubuntu da Linux Mint sun daina fitar da manhaja dominsu tuntuni, Debian ma ta janye a fitowarta ta 13 a shekarar 2025. Akwai antiX da ke ɗaukar su har yanzu, amma a ganina wahalar ta fi ribar. Kwance su ka adana kibod da waya da duk abin da zai yi wa sauran amfani. Ragowar a kai wa masu sayen kayan lantarki, kada a ƙona a bayan aji.

Mataki na biyu: goge abin mutane

Kwamfutar da ta fito daga ofis takan zo da takardun albashi, hotunan iyali, har lambobin asusu. Ba naka ba ne, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Kada ka buɗe, kada ka bari yara su buɗe. Ga faifai mai juyawa, ShredOS ko DBAN a filashi za su bi shi su shafe tas, sai dai aikin yana cin sa'o'i, don haka a fara shi lokacin da ake da tabbacin wuta. Ga SSD, yawancin Dell da HP da Lenovo na ofis suna da wurin gogewa a cikin BIOS, shi ya fi dacewa.

Mataki na uku: zaɓin kansa

Nan ne ake yawan sakin hanya, domin ana fara tambayar "wacce ta fi kyau?" Tambayoyin da za su raba gardama daban ne. Me za a koyar a kansu? Akwai intanet tsayayye a ɗakin, ko sai malam ya kunna hotsifot na wayarsa? In ta lalace ranar Talata da safe, wa zai gyara?

Fara da Windows, tunda ita kowa ya sani. Idan ka kai kwamfutocin wurin mai gyara a titin Ahmadu Bello, abin da zai ce maka shi ne, "Malam, Windows 10 zan sa maka, da Office da komai, ka dawo da yamma." Ba mugunta yake yi ba, abin da kasuwa ke nema ke nan. Sai dai Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 aka sallame ta. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, abin da yawancin kayan tallafi ba su kai ba. Ga kuma batun lasisi: kwafin da aka fasa makullinsa yakan zo da baƙon da ba a gayyata ba.

Duk da haka akwai inda Windows ta zama dole. Idan cibiyar tana koyar da zane da CorelDRAW domin yara su samu aiki a shagunan buga takardu da ke kewayen Kaduna Polytechnic, Linux ba za ta maye gurbinta ba. Haka wasu manhajojin gwajin jarrabawar JAMB da ake sayarwa, na Windows ne kawai. In haka ne, ware kwamfutoci biyu ko uku mafi sabunta, ka sa musu Windows 11 mai lasisi, sauran ka bi wata hanya.

ChromeOS Flex ta Google, wadda ta fito a 2022, ita ce mafi sauƙin kullewa. Kyauta ce, tana tashi da sauri, tana sabunta kanta, kuma yaro ba shi da inda zai ɗora manhajar Windows balle bairos ɗinta. Tana buƙatar firosesa 64-bit, RAM gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 16, Google kuma tana da jerin samfuran da ta tabbatar suna aiki. Amma kusan komai nata a burauza yake. Ran da data ta ƙare, darasi ya ƙare. Ba ta ɗaukar manhajojin Android, kuma idan kana son juya kwamfutocin duka daga wuri ɗaya, sai an sayi lasisi. Makarantar da ke da intanet na wata-wata a Barnawa ko Unguwar Rimi za ta ji daɗinta. Islamiyyar da ke Rigasa da ke dogaro da wayar malam, a'a.

Endless OS an gina ta ne domin wuraren da intanet ke wuya. Cikakken kwafinta yana zuwa da kundin ilimi da darussa da wasannin koyo a ciki, kuma ginshiƙinta a rufe yake, mai amfani ba ya iya taɓa shi. Tana da wurin da babba zai hana yaro buɗe wasu manhajoji. Matsalarta biyu: kwafin yana da nauyin saukewa sosai, kuma samun wanda ya san ta a gari ya fi wuya.

Sai Linux Mint, kuma ita zan zaɓa wa mafi yawan ɗakunan da na sani. Fuskarta ta yi kama da Windows ɗin da mutane suka saba: maɓalli a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama. Tana zuwa da burauzar Firefox da LibreOffice, takwarar Office ta kyauta, tana aiki ko babu intanet, kuma bairos ɗin nan na filashi da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi ba ya kama ta. Jerin fitowa na 22, wanda aka gina a kan Ubuntu 24.04, yana da tallafi har 2029. Tana tashi da RAM gigabait 2 da ma'ajiya gigabait 20, ko da yake 4 ne ke ba da sukuni. Iri uku ce, Cinnamon da MATE da Xfce. Ɗauki Xfce, ita ce mafi sauƙin nauyi ga tsohon ƙarfe.

Ko wacce ka zaɓa, ka tsaya a kan guda ɗaya. Ɗakin da kwamfuta ta 1 ke da Mint, ta 2 Windows 7, ta 3 wani abu daban, malami ba zai iya cewa "kowa ya danna nan" ba, kai ma ba za ka iya riƙe gyaransu a ka ba.

Mataki na huɗu: gwada kafin ka ɗora

Sauke fayil ɗin Mint daga shafinsu na asali, nauyinsa ya kusa gigabait 3. Nemi filashi mai gigabait 8, na gaske, domin na jabu sun cika gari kuma su ne ke sa aiki ya tsaya a tsakiya. Rubuta fayil ɗin a kansa da Rufus ko balenaEtcher. Soka shi, kunna kwamfuta, danna F12 a Dell da Lenovo ko F9 a HP, ka zaɓi filashin.

Mint za ta tashi daga filashi ba tare da ta taɓa faifan ciki ba. Yi wannan a kan kowane samfuri da kake da shi, ba a kan guda ɗaya kawai ba. Gwada Wi-Fi, sauti, kowane maɓalli na kibod, ramukan USB, da firintar makaranta idan akwai. Wasu laftof masu katin Wi-Fi na Broadcom ba sa ganin netwok sai an ɗora musu direba daga Driver Manager bayan an gama. Buɗe manhajar Disks ka duba lafiyar faifai. Wanda ya nuna alamun mutuwa, canza shi yanzu. In da ɗan kuɗi a hannu, ƙaramin SSD shi ne sayayyar da za ta fi sauya tafiyar tsohuwar kwamfuta.

Mataki na biyar: shirya uwa guda ɗaya

Ba za ka zauna kana saita kwamfuta goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya ba. Guda za ka gyara tsaf, ka kwafe ta zuwa sauran. Zaɓi wadda faifanta ya fi ƙanƙanta, dalilin zai zo a mataki na bakwai.

Ɗora Mint, ka bar ta ta mamaye faifan duka. Asusun farko da za ta nema shi ne na mai gida, mai ikon ɗorawa da gogewa. Kada ka sa masa sunan makaranta ko 1234 a matsayin kalmar sirri, yaran JSS 2 za su gano kafin tashi. Yi duk sabuntawar da ke jira, sannan ka ɗora abin da za a yi aiki da shi, shi kaɗai. Ga 'yan firamare, GCompris da Tux Paint. Ga koyon bugun rubutu, Tux Typing ko KTouch, kuma wannan ba wasa ba ne, tunda tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, yaron da hannunsa bai saba da maus da kibod ba yana shiga da fargaba biyu. Ga karatu ba intanet, Kiwix na buɗe Wikipedia da aka sauke, har da ta Hausa. Kolibri kuma na riƙe darussa a kwamfuta ɗaya, sauran su ɗauka ta rauta ko babu data.

A saitin kibod ƙara tsarin Hausa na Najeriya, domin yara su rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda suke, ba "kasa" a wurin "ƙasa" ba. In Islamiyya ce, ƙara na Larabci, ka ɗora salon rubutu na Amiri.

LibreOffice na da wani abu da ke jawo ƙorafi. Malami zai buga jarrabawa, ya kai shagon buga takardu, a ce masa fayil ɗin ya hargitse. Maganinsa: shiga Tools, Options, Load/Save, General, ka mayar da ajiyar takardu zuwa docx. Sannan ka ɗora salon rubutu na Carlito da Caladea, waɗanda girman haruffansu ya yi daidai da Calibri da Cambria, sai layuka su daina tsalle.

Mataki na shida: kullewa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma hawa-hawa ne.

Hawa na farko, asusu. Kalmar sirrin mai gida mutum biyu kawai za su sani, kai da wani amintacce, a kuma rubuta ta a takarda a rufe a ambulan a ofishin shugaban makaranta, saboda ranar da aka yi maka canjin wurin aiki. Malamai a buɗe musu asusu na gama-gari, wanda ke ajiye fayil amma ba ya ɗora manhaja. Za a zo maka da roƙo: "Malam, don Allah ba ni lambar nan, abu ɗaya kawai zan sa." Amsa ita ce, "Ranka ya daɗe, faɗa mini abin, ni zan sa maka." Ranar da lambar ta fita, kulli ya tashi aiki.

Hawa na biyu, zaman baƙo ga ɗalibai. A Mint buɗe Login Window, shiga Users, ka kunna Allow guest sessions. Duk wanda ya shiga ta nan ba ya buƙatar kalmar sirri, kuma da ya fita, duk abin da ya yi ya goge: hoton da ya sa a fuska, fayil ɗin da ya sauke, shafin da ya bari a buɗe. Tamkar allon makarantar allo ne, a rubuta, a wanke, mai zuwa ya tarar da shi fes. Amma ka gaya wa yara tun ranar farko, ka kuma manna a bango, cewa aikin da ba a kwafa a filashi ba ya tafi. In ba haka ba za ka sha kuka ranar da wata ta buga shafi uku wuta ta ɗauke. Ga aji mai dogon aiki, kamar masu koyon lissafin kuɗi a Calc, manhajar lissafi ta LibreOffice, gara a buɗe musu asusun gama-gari na ajinsu.

Hawa na uku, BIOS. Duk kullin da ka yi a sama banza ne idan yaro mai wayo zai iya soka nasa filashin ya tayar da kwamfuta daga can. Bayan an gama kwafar da za ta zo a mataki na bakwai, koma BIOS na kowacce, sa faifan ciki a farkon jerin tashi, kashe tashi daga USB, ka sa kalmar sirrin mai kula. Ita ma ta shiga ambulan. Kwamfutocin tebur na ofis suna da ɗan kunne a baya na saƙala kwaɗo, yi amfani da shi, domin RAM ƙaramin abu ne mai shiga aljihu.

Hawa na huɗu, idan akwai intanet, tace shi daga rauta, na'urar da ke raba wa kwamfutocin netwok. A saitinta, a wurin da aka rubuta DNS, sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3, na Cloudflare ne, suna toshe shafukan batsa da na cutarwa kyauta. Ba sa kama komai, kuma babban yaro zai iya kewaye su. Shi ya sa jera tebura a jikin bango, fuskokin kwamfuta na kallon tsakiyar ɗaki, ya fi kowace manhajar tacewa aiki.

Idan kwamfutar abu ɗaya tak za ta yi, misali buɗe shafin duba sakamako a ɗakin karatu, akwai Porteus Kiosk, wadda ba ta nuna komai sai burauza. Ga aji kuwa ta yi tsauri. Masu Windows ɗin da ka ware, ba ɗalibai asusun gama-gari, in da hali a sayi Deep Freeze, mai mayar da kwamfuta yadda take duk lokacin da aka sake kunnawa.

Mataki na bakwai: kwafa

Sa Clonezilla, manhajar kwafe faifai, a wani filashi, ka nemi faifan waje. Tayar da uwar daga Clonezilla, zaɓi ajiye hoton faifai, wato cikakken kwafin duk abin da ke kansa, ka adana shi a faifan wajen. Sannan bi sauran ɗaya bayan ɗaya kana sauke musu hoton. Clonezilla ba ta son sauke hoton babban faifai a kan ƙarami, dalilin da ya sa aka fara da mafi ƙanƙanta ke nan. Bayan kowacce ta tashi, canza mata suna ya dace da lambar da ke jikinta, don kada su rikice a netwok.

Faifan nan na waje kada ya zama wurin ajiye finafinai. Shi ne gyaranka. Duk kwamfutar da ta rikice, ba sai an tsaya bincike ba, a sauke mata hoto a ci gaba da darasi.

Abin da ya rage bayan an buɗe ɗaki

Mint na iya sabunta kanta, amma kwamfuta goma sha biyu suna jan abu ɗaya a kan data ɗaya, kwana kaɗan za ta yi. Gara ka tsayar da rana guda a wata, ka zauna ka yi musu da hannunka. A farkon kowane zango sabunta uwar, ka ɗauki sabon hoto.

Wuta kuwa, ka san halin da ake ciki. Kwamfutar tebur da ake yanke wa wuta tana tsakiyar aiki, faifanta ne ke biya. Kada a haɗa su kai tsaye da janareta ba sitabilaiza, kuma idan an dawo da wuta a dakata kaɗan kafin a kunna. In ana tambayar ku abin da kuke so kafin a kawo tallafi, ku ce laftof, saboda batirinta ko ya tsufa yakan ba yaro damar ajiye aikinsa, kuma ba ta cin wuta kamar ta tebur idan sola za a sa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na toshe fanka, kwamfuta ta yi zafi ta riƙa kashe kanta. Ba tela ya ɗinka musu riguna daga ragowar yadi, a rufe su bayan tashi, a kuma ɗaga na tebur daga ƙasa. Sau ɗaya a zango a fitar da su waje a hure da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Zaɓi ɗalibai biyu daga manyan aji, mace da namiji in makarantar haɗe take, ka koya musu kunnawa da kashewa yadda ya kamata, duba wayoyi, da rubuta matsala a rajista da lambar kwamfutar da kwanan wata. Kalmar sirri ba ta cikin abin da za ka ba su.